Yadda ake cike gurbin mataimakin shugaban ƙasa a Amurka idan ya yi murabus

Hanyar da ake bi tana cikin sashe na 2 na gyara na 25 da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1967. An fara aiki da ita ne a 1973, lokacin da Spiro Agnew, mataimakin shugaba Richard Nixon, ya sauka bayan masu gabatar da ƙara a Baltimore sun bankaɗo cin hancin da yake karɓa daga 'yan kwangila tun yana riƙe da muƙamai a jihar Maryland.

Da farko dole ne mai murabus ya rubuta takarda, ya sa hannu, a kai ta ofishin sakataren harkokin waje, domin doka ba ta san murabus da baki ba. Agnew ya aika wa Henry Kissinger, sakataren harkokin waje na lokacin, tasa ranar 10 ga Oktoba 1973, kuma a ranar ya tsaya gaban kotu bai ja da tuhumar ƙin biyan haraji ba, aka ci shi tarar dala 10,000.

Daga nan sai shugaban ƙasa ya gabatar da suna, kuma a nan ake bukatar natsuwa, domin wanda shugaba yake so ba lallai ne ya zama wanda majalisa za ta karɓa ba. Richard Nixon ya fi son John Connally, tsohon sakataren baitulmalinsa, amma da yake 'yan jam'iyyar Democrat ne ke da rinjaye a majalisun biyu, sai ya haƙura ya zaɓi Gerald Ford, jagoran 'yan Republican a majalisar wakilai, wanda abokan hamayya ma suka san shi da gaskiya.

Bayan bincike da amsa tambayoyin kwamitoci, kowace majalisa takan kaɗa ƙuri'a daban, kuma rinjaye kawai ake nema. Majalisar dattawa ta amince da Ford da ƙuri'a 92 da 3 ranar 27 ga Nuwamba, ta wakilai kuma da 387 da 35 ranar 6 ga Disamba, aka rantsar da shi a ranar. Jinkiri a wannan mataki yana da haɗari: tsawon makonnin da kujerar take babu kowa, Carl Albert, kakakin majalisar wakilai kuma ɗan Democrat, shi ne zai hau mulki da Nixon ya bar kujerarsa, alhali rikicin Watergate, badaƙalar kutse a ofishin jam'iyyar Democrat da ta dabaibaye Nixon, na ƙara zafi.

Nixon ya yi murabus ranar 9 ga Agusta 1974, Ford ya gaje shi, sannan shi ma ya bi wannan hanya ya ɗauko Nelson Rockefeller, tsohon gwamnan jihar New York, a matsayin mataimakinsa, wanda aka rantsar a watan Disamba na shekarar.