Yadda za ka ga sharuɗɗan teburi a psql kafin ka taɓa komai

Ka zo goge wani ɗalibi daga teburin `dalibai`, sai PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, ya ƙi, ya ce abin ya saɓa wa `biya_dalibi_id_fkey`. Sunan nan kaɗai ya faɗa maka rabin labari: teburin `biya` ne, ginshiƙin `dalibi_id`, kuma mabuɗin alaƙa ne (foreign key), wato sharaɗin da ke ɗaure layin wani teburi da layin wani. Haka PostgreSQL ke raɗa wa sharaɗi suna idan mai gini bai ba shi ba. Mai ƙarewa da `_pkey` babban mabuɗi ne (primary key, mai bambanta kowane layi da saura), `_key` na hana maimaici, `_check` na tantance abin da aka shigar.

Ni dai duk rumbun bayanan da na gada daga hannun wani, kafin in rubuta UPDATE ko guda, wannan nake fara bugawa a psql, manhajar da ake rubuta wa PostgreSQL umarni a cikinta:

`\d dalibai`

Daga sama ginshiƙai za su fito, da "not null" a gaban waɗanda ba a barin su babu komai. Amma kitsen yana ƙasa. Babban mabuɗi da sharaɗin hana maimaici suna ƙarƙashin "Indexes", ba su da kan magana nasu, shi ya sa sabon shiga kan ɗauka babu su. Daga nan "Check constraints", sai "Foreign-key constraints", wato teburan da wannan ya dogara da su. Na ƙarshe, "Referenced by", shi ne masu dogara da shi, kuma nan ne amsar matsalarmu ta goge ɗalibi take.

Ka tsaya a wannan layin, ka karanta shi har ƙarshe. Idan ba a rubuta komai game da gogewa ba, PostgreSQL zai hana ka ne kawai, ba a yi asara ba. Idan kuwa ka ga `ON DELETE CASCADE`, to ba zai hana ka ba, zai goge ɗalibin ya haɗa da duk tarihin kuɗin makarantar da ya biya, ko tari ba zai yi ba. A ganina wanda ya ƙi maka ya fi wanda ya yi shiru.

Wani ɗan bambanci a ƙarƙashin "Indexes": akwai mai `UNIQUE CONSTRAINT, btree`, akwai mai `UNIQUE, btree` kawai. Duka suna hana maimaici, amma na farko da `ALTER TABLE ... DROP CONSTRAINT` ake cire shi, na biyu da `DROP INDEX`.

Idan sharuɗɗan kaɗai kake so, ba tare da tarkacen ginshiƙai ba, ka tambayi kundin PostgreSQL, inda yake ajiye bayanin tsarin teburansa, kai tsaye:

`SELECT conname, contype, pg_get_constraintdef(oid) FROM pg_constraint WHERE conrelid = 'biya'::regclass;`

Harafin `contype` shi ke nuna iri: `p` babban mabuɗi, `f` alaƙa, `u` hana maimaici, `c` tantancewa. Ka mayar da `conrelid` zuwa `confrelid`, ka sa `dalibai`, za ka samu masu dogara da teburin. Kada ka nemi NOT NULL a nan in sigarka ta girmi ta 18 da ta fito a 2025, don kafin ita a `pg_attribute` kaɗai ake ajiye shi. Layukan sun yi tsawo sun cakuɗe a allo? Buga `\x auto`. Kana son ganin tambayar da `\d` ke aikawa a ɓoye? Ka buɗe da `psql -E`. Da shi na koyi yawancin abin da na sani a kan kundin nan.

Za ka ji ana cewa a yi amfani da `information_schema.table_constraints` tunda ya dace da ƙa'idar SQL. Ban cika so ba. A PostgreSQL yana nuna sharuɗɗan teburin da ka mallaka ne, ko wanda kake da wani izini a kansa ban da SELECT. Mai asusun karatu kawai zai ga babu komai, ya tafi ya ce teburin ba shi da sharaɗi.

Sannan ganin sharaɗi a allo ba ya nufin duk bayanan sun bi shi. Idan ka ga `NOT VALID` a ƙarshen layi, an ɗora shi ne ba tare da an duba tsofaffin layuka ba, sababbi da waɗanda aka gyara kaɗai yake tarewa. `ALTER TABLE biya VALIDATE CONSTRAINT` da sunan sharaɗin zai bi tsofaffin, ya tsaya da kuskure in ya ci karo da gurɓatacce.

'Yan MySQL kuma, wata manhajar rumbun bayanai daban, `DESCRIBE` ba zai fisshe ku ba. Iyakarsa ya nuna PRI, UNI ko MUL, shi kuwa MUL ba ya faɗin ko akwai alaƙa, balle da wane teburi. Abin bugawa shi ne `SHOW CREATE TABLE biya\G`. Ka duba ENGINE a ƙarshe, wato injin da ke ajiye teburin: in MyISAM ne, ba ruwansa da mabuɗin alaƙa ko an rubuta shi lokacin gini. Haka CHECK, kafin siga ta 8.0.16 ta 2019 MySQL karɓar sa yake yi ya watsar, don haka `SELECT VERSION();` tukuna kafin ka yarda da fayil ɗin da aka gina teburin da shi.

SQLite ya fi sauƙi: `.schema biya` zai fito da yadda aka gina teburin. Sai dai mabuɗin alaƙa a kashe yake zuwa, dole a kunna shi da `PRAGMA foreign_keys = ON;` a kowace sabuwar shiga. In an daɗe ana aiki ba a kunna ba, `PRAGMA foreign_key_check;` zai jero maka layukan da suka zama marayu.