Yadda ake rubuta faɗa a wasan labarin haɗin gwiwa ba tare da gurup ya watse ba

A gurup-gurup na WhatsApp da Telegram inda matasan Tahoua ke saƙa labari tare, kowa da jaruminsa, wurin faɗa ne wasa ya fi lalacewa. Dalilin kusan kullum ɗaya ne: wani ya rubuta sakamakon harinsa da kansa. In ka ce "ya naushe shi ya karya masa haƙarƙari", ka ƙwace jarumin abokinka daga hannunsa ke nan. Yunƙuri kawai za ka rubuta: "Ya sunkuya, ya kai hannun dama zai kamo ƙafarsa ta hagu." Sai ka dakata. Mai jarumin da aka kai wa hari shi zai faɗi ko ya goce ko kamun ya shige shi.

Shi ma da nasa nauyin. Wanda kullum gocewa yake, ba ya gajiya, ba ya jin ciwo, ya kashe wasan. Ƙa'ida mai sauƙi: kada a goce fiye da sau 2 a jere, na uku dole ya taɓa jiki. Kuma raunin ya zauna. Wanda aka sara a kafaɗa ba zai ɗaga takobi da hannun nan a saƙo na gaba ba.

Kafin a fara, ku biyun ku keɓe ku yanke abu uku: ana kisa ko ba a yi, iyakar raunin da kowa ya yarda da shi, da abin da zai ƙare faɗan. Nan kokawarmu ta gargajiya, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tahoua a 1975, ta ba da misali mai kyau: an kā da mutum, magana ta ƙare, ba sai an yi jina-jina ba.

Kowane saƙo ya ɗauki kariya ɗaya da hari ɗaya, layi 3 zuwa 6. A ba kowa awa 24 ya amsa, don ɗaukewar wuta da matsalar rezo ba laifin kowa ba ne. In lokacin ya wuce, alƙalin gurup ya yanke.

In an kasa daidaitawa, a jefa ƙwayar ludo. A Telegram, aika alamarta kaɗai na fitar da lamba daga 1 zuwa 6. A WhatsApp alƙali ya jefa ta gaske ya turo bidiyo. Kowa ya fara da maki 5, mai ƙaramar lamba ya rasa 1, in an yi kunnen doki an sarƙe ke nan.

Maganar da ba ta cikin labari a sa ta cikin baka biyu. Da zarar zagin jarumi ya fara kama da zagin mai shi, alƙali ya tsayar da wasan har gobe, a koma daga saƙo na ƙarshe da duka biyun suka amince da shi.