Yadda Ake Tace Hayaniyar Masoya Bayan Fitowar Sabon Shirin Almarar Kimiyya

Duk lokacin da aka saki kashi na farko na wani shiri mai dogon zango na almarar kimiyya, wato irin labaran nan da ake ginawa a kan jiragen sararin samaniya da halittun wasu duniyoyi da injuna masu tunani, kafin gari ya waye sai a tarar masu kallo sun rabu gida biyu. Wasu na rantsuwa cewa ba a taɓa yin kamarsa ba, wasu kuma na cewa an ci mutuncin abin da suka taso suna ƙauna. Wanda yake son ya san ko shirin ya cancanci datarsa da dararensa yana bukatar hanyar tace wannan hayaniya, domin maganganun daren farko sun fi nuna abin da masoya suka zo suna tsammani fiye da yadda suke nuna shirin da aka haska musu.

Abin da ya kamata a fara bincikawa shi ne ko shirin sabo ne fil, ko kuwa reshe ne na wani tsohon labari mai mabiya. Idan reshe ne, to waɗanda za su fara magana, kuma su fi kowa ɗaga murya, su ne tsofaffin masoya, kuma ma'auninsu shi ne tsohon da ke zukatansu. A ranar 28 ga Satumba, 1987, aka fara nuna Star Trek: The Next Generation a Amurka, shekara goma sha takwas bayan an dakatar da Star Trek na asali. Masoyan na asalin da yawa sun ƙi shi tun kafin su gan shi, saboda babu Kyaftin Kirk kuma babu Spock a ciki, kuma wanda aka ba jagorancin jirgin wani ɗan Ingila ne mai sanƙo, Patrick Stewart, wanda aka fi sani da wasan daɓe na Shakespeare. Shirin ya yi zango bakwai, kashi 178, har zuwa 1994, kuma yau akwai waɗanda ba su san wani kyaftin da ya wuce Picard ɗin da Stewart ya fito a matsayinsa ba. Haka aka yi a Disambar 2003, lokacin da Ronald D. Moore ya sake gina Battlestar Galactica na 1978, ya mayar da matuƙin jirgin yaƙin nan Starbuck mace, ya ba Katee Sackhoff matsayin. Masu fushi suka ce ai suna kawai ya rage na tsohon shirin, har Dirk Benedict, wanda ya fara fitowa a matsayin Starbuck, ya rubuta maƙala yana suka. Daga baya shirin ya samu lambar yabo ta Peabody. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tayar da jijiyar wuya idan aka sauya jaruma a tsakiyar wani shiri mai dogon zango na Hausa ya san irin wannan zafin, kuma ya san cewa yakan huce.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da ƙorafin tsofaffin masoya, domin sau da yawa su ne suka fi kowa sanin inda labari ya saɓa wa kansa. Hanyar da na ga ta fi amfani ita ce a ɗauki kowane ƙorafi a tambayi kai: shin wanda bai taɓa ganin tsohon shirin ba zai fahimci wannan kuka? Idan mai ƙorafi ya ce maganganun 'yan wasan ba su yi kama da yadda mutane ke magana ba, ko ya ce an shafe rabin sa'a ana bayani babu abin da ya faru, ko ya ce duhun hoton ya hana shi ganin abin da ake yi, to wannan magana ce a kan aikin, kuma za ta shafi kowane mai kallo. Idan kuwa kukansa shi ne an canza siffar wata halitta, kamar yadda aka yi ta kuka a kan sabuwar kamar 'yan Klingon lokacin da Star Trek: Discovery ya fito a Satumbar 2017, to wannan rigima ce ta cikin gida, kuma baƙo yana iya wuce ta ba tare da ya yi asarar komai ba. Haka ma yabo. Wanda ya ce ya zubar da hawaye saboda ya sake jin tsohon kiɗan buɗe shiri yana ba da labarin yarintarsa ne, bai ce komai a kan sabon labarin ba tukuna.

Bayan haka sai a bincika abin da aka nuna wa mutanen, da halin da aka nuna musu shi. Mutane kan ɗauka cewa kashin da aka fara haskawa shi ne wanda marubutan suka tsara ya buɗe labarin, alhali ba kullum haka yake ba. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Firefly na Joss Whedon, wanda tashar Fox ta fara nunawa a ranar 20 ga Satumba, 2002. Kashin gwaji mai tsawon sa'a biyu, wanda a cikinsa ne aka gabatar da mutanen jirgin ɗaya bayan ɗaya aka kuma bayyana yaƙin da ya jefa su cikin halin da suke, tashar ta ajiye shi gefe ta fara da wani kashin daban, ba ta nuna shi ba sai ranar 20 ga Disamba, bayan an riga an yanke shawarar dakatar da shirin. Kashi goma sha huɗu aka shirya, goma sha ɗaya aka nuna a wancan karon. Wanda ya ce a daren farko bai gane su wane ne waɗannan mutane ba gaskiya ya faɗa, sai dai laifin ba na labarin ba ne. Doctor Who kuwa ya fara fitowa a BBC ranar 23 ga Nuwamba, 1963, kwana ɗaya bayan an harbe Shugaba Kennedy a Dallas, lokacin da hankalin kowa ke kan labarai, abin da ya sa tashar ta maimaita kashin farkon a mako na gaba kafin ta nuna na biyu. Shirin bai kama mutane sosai ba sai da halittun Dalek suka bayyana a ƙarshen Disambar shekarar. A zamanin nan kuma akwai fushin da ba shi da alaƙa da labari ko kaɗan: an nuna kashin farko na Discovery kyauta a tashar CBS, sauran kuma sai wanda ya biya kuɗin wata a manhajar kamfanin, kuma wani kaso na zagin da shirin ya sha a Amurka a makon farko na wannan kuɗin ne.

Sai maganar maki, wadda ita ce ta fi ruɗar mutane, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Kason da Rotten Tomatoes, shafin intanet mai tattara sharhin fina-finai da shirye-shirye, ke nunawa na masu sharhi ba matsakaicin maki ba ne. Adadin masu sharhin da suka ce shirin ya yi kyau ne a cikin ɗari. Shirin da kowa ya ce ba laifi yana iya samun kaso mai yawa fiye da wanda rabin masu sharhi suka haukace a kansa rabi kuma suka tsane shi. A kuma tuna cewa masu sharhin jaridu sukan samu kashi da dama kafin ranar fitowa, don haka suna magana ne a kan abin da mai kallo na gida bai gani ba tukuna. A shafin bayanan fina-finai na IMDb kuwa, inda kowa ke ba da maki daga 1 zuwa 10, kada a tsaya a kan lambar da ke sama. A danna ta, za a ga jerin sanduna goma, kowace na nuna yawan waɗanda suka ba da wannan makin. Idan mutane sun kalli abu da gaske, sandunan kan yi tudu guda, su taru a wajen 7 ko 8, su sauka a hankali ta kowane gefe. Idan kuwa aka ga sandar 1 ta yi tsawo, ta 10 ma ta yi tsawo, tsakiya kuma ta zama kwari, to faɗa ake yi, ba kallo ba. A nan sai a koma ga waɗanda suka ba da 4 zuwa 7 a karanta abin da suka rubuta, domin su ne suka fi faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba a cikin sharhi guda.

Taron dangin da aka yi wa The Acolyte, reshen Star Wars da ya fito ranar 4 ga Yuni, 2024, ya kai har wasu suka yi kuskuren zuba wa wani fim ɗin tsoro na Ostireliya mai suna Acolytes, wanda aka yi tun 2008, munanan maki, saboda sunan ya yi kama. Wanda ya kasa bambance shirin da yake zagi da wani fim na shekara goma sha shida baya, ba shi da shaidar da za a karɓa. Amma a nan ne mutane da yawa ke zamewa, su ɗauka cewa tunda an yi wa shiri taron dangi to lallai mai kyau ne. Ba haka ba ne. A cikin hayaniyar akwai masu kallo na gaskiya da suka koka kan rubutun, kuma a watan Agusta aka sanar cewa ba za a yi zango na biyu ba. Akasin haka ma yana faruwa: The Orville na Seth MacFarlane, wanda ya fito makonni biyu kafin Discovery, masu sharhi sun yi masa kaca-kaca a zangon farko, masu kallo kuma suka rungume shi, mafi yawa saboda ya tuna musu da The Next Generation. Idan aka ga irin wannan rata, abin tambaya shi ne wane ɓangare ne ɗanɗanonsa ya fi kusa da na mai shirin kallo.

Yana da kyau kuma a lura da ƙasar da maganar ke fitowa. Lokacin da Netflix ya saki 3 Body Problem a ranar 21 ga Maris, 2024, wanda aka ɗauko daga littafin marubucin ƙasar Sin Liu Cixin, masu kallo a Turai da Amurka sun fi magana a kan saurin labarin da wahalar kimiyyarsa. A ƙasar Sin kuwa, inda Netflix ba ya aiki a hukumance, muhawarar ta kasance a kan fitowar farko, inda aka nuna ana dukan wani malamin kimiyya har lahira a gaban taro a zamanin Juyin Al'adu na 1966, da kuma yadda aka kwashe mafi yawan labarin aka mayar da shi Ingila. Su suna da abin kwatantawa, domin kamfanin Tencent ya riga ya yi nasa a 2023, mai kashi talatin, wanda ya bi littafin sau da ƙafa. Duka ƙorafe-ƙorafen biyu na gaske ne, amma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

Duk wannan bincike yana da haɗari guda, wato a tona wa mutum ƙarshen labari kafin ya kalla. Netflix kan saki shirye-shiryensa da tsakar daren Kalifoniya, wanda ya yi daidai da ƙarfe takwas ko tara na safe a Najeriya da Nijar, kuma tunda yakan saki zango gaba ɗaya, kafin la'asar akwai waɗanda suka gama suna ta bayani. Kafin ranar, a shiga saitin dandalin X (tsohon Twitter) a toshe sunan shirin da sunayen manyan jarumansa, a kuma guji bidiyoyin sharhi na YouTube, domin hoton da ke fuskarsu kaɗai yana iya gaya wa mutum wanda ya mutu. Sharhin jaridu da aka buga kafin ranar fitowa ya fi aminci, saboda kamfanoni kan gindaya wa marubutansa sharaɗin abin da ba za su faɗa ba.

Daga nan sai mutum ya kalla da idonsa, kuma tambayar ita ce kashi nawa zai ba shirin kafin ya yanke hukunci. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a wannan fanni maganar ba ta cika zama daidai ba, saboda kashin farko na almarar kimiyya yana ɗauke da kayan da sauran labarai ba sa ɗauka: dole ya bayyana wace shekara ake ciki, wa ke mulkin wace duniya, me injunan za su iya me kuma ba za su iya ba, sannan ya gabatar da mutane. Kashin da ya biyo bayan na buɗe The Next Generation an gina shi ne a kan labarin wani tsohon kashi na Star Trek na asali, kuma masoyansa da kansu sun yarda bai miƙe ba sai a zango na uku. Ba wanda zai ce a yi haƙurin shekara biyu a yau. Masoyan The Expanse, wanda ya fara a Disambar 2015, kan ce wa sabon shiga ya daure zuwa kashi na huɗu, kuma lokacin da Disney ya saki Andor a ranar 21 ga Satumba, 2022, kashi uku ya fitar a tare, domin ukun ne suka haɗu suka zama labari guda. A ganina uku zuwa huɗu ya isa. Idan an kai nan, a rufe wayar a gwada ambaton sunayen mutum uku daga cikin labarin da abin da kowannensu yake nema. In sunayen sun zo ba tare da wahala ba, a ci gaba. In kuwa jiragen da fashe-fashen kawai ake tunawa, a ajiye shi, a dawo mako biyu bayan kashin ƙarshe a duba makin kowane kashi ɗaya-ɗaya a IMDb, lokacin da masu faɗan daren farko sun koma kan wani sabon shirin, waɗanda suka rage kuma su ne suka kalla har ƙarshe.