Yadda Ake Shawo Kan Matsalolin Ɗora Windows XP da Windows 7

Kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows XP tun ranar 8 ga Afrilu, 2014, Windows 7 kuma ranar 14 ga Janairu, 2020. Amma duk mai gyaran kwamfuta a Birnin Kebbi, Jega ko Argungu ya san har gobe ana neman su. Mai shagon buga takardu yana da firinta da sikana da suka daɗe suna aiki lafiya, direbansu kuwa, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa na'ura da Windows, ba ya hawa sabuwar Windows. Haka mai na'urar yankan sitika. Ga ɗalibin da ƙarfinsa bai wuce laftop 'yar gwanjo mai RAM 2GB ba. Ba son tsohon yayi ya sa su ba, abincinsu ne a ɗaure da tsohuwar manhaja.

Abin da ke damuna shi ne saurin yanke hukunci. Da shuɗin allon da Windows ke nunawa idan ta ci karo da matsala ya bayyana, sai a ce wa mai kaya rumbun ajiyarsa ya mutu, ya kawo kuɗin sabo. Sau da yawa rumbun lafiyarsa ƙalau. Tsohuwar manhajar ce ta tarar da kayan da aka ƙera bayan zamaninta, kamar baƙon da ya sauka garin da ba ya jin yarensu. Aikinka shi ne ka gano inda suka kasa fahimtar juna.

Mataki na farko: kafin ka taɓa komai

Kwashe fayilolin mai kwamfuta zuwa wani wuri. Idan Windows ɗin ciki ba ta tashi, cire rumbun ka haɗa shi da wata kwamfutar, ko ka tayar da ita da filashi mai ɗauke da Linux ka kwashe ta nan. Sannan ka tabbatar da wuta. In laftop ce mai mataccen batir, ko kwamfutar tebur da ba ta da UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, kada ka fara sai kana kan inbata ko janareto, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki za ta mayar da kai farko. Ka ajiye wayarka kusa: duk saƙon da ya fito a allo, ɗauki hotonsa kafin ka danna komai. Lambar da ke cikinsa ita ce jagorarka.

Mataki na biyu: shin wannan kwamfutar za ta iya?

XP ba ta da cin kaya, RAM 128MB da fili 1.5GB sun ishe ta tashi. Windows 7 tana son RAM 1GB da fili 16GB in mai 32-bit ce, 2GB da 20GB in mai 64-bit ce. Wahalar ba daga ƙaramar kwamfuta take zuwa ba, daga sabuwa take. Duba lambar firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar; lambar farko bayan ɗan layin ita ke nuna zubinsa: i5-3320M zubi na uku ne, i5-6200U zubi na shida. Windows 7 tana hawa na biyu, na uku da na huɗu cikin sauƙi. A na shida, wanda Intel ya fitar a 2015, sai da dabara. Daga na bakwai zuwa sama, da kuma AMD Ryzen, Microsoft bai yarda da ita a kansu ba, samun direbobi ma aiki ne. XP kuwa ta fi jin daɗin kwamfutocin zamanin Pentium 4 da Core 2 Duo.

Mataki na uku: filashi ko faifai

Nemi kwafi na asali: XP mai Service Pack 3 na 2008, ko Windows 7 mai Service Pack 1 na 2011. XP ta farko da ba ta da ko Service Pack 1 ba ta ganin abin da ya haura 137GB a rumbu. Ka guji kwafin da wani ya yi wa kwaskwarima ya sa masa suna mai daɗi, domin ba ka san abin da ya cire ko ya cusa ba. Lambar lasisi kuma duba ƙarƙashin laftop ko cikin ramin batir, nan ake manna sitikarta.

Filashi mai 8GB ya isa. Yi amfani da Rufus, manhajar zuba Windows a filashi, ka zaɓi MBR a wurin tsarin rabon rumbu. Kasuwa ta cika da jabun filashi, an rubuta 32GB a jiki alhali cikinsa bai kai ba, to ka kunna zaɓin binciken lalatattun sassa da ke cikin Rufus, zai tona shi. In faifai za ka ƙona, ƙona shi a hankali da mafi ƙarancin gudu.

Mataki na huɗu: BIOS, inda yawancin maganin yake

Kunna kwamfutar ka riƙa danna F10 in HP ce, F2 in Dell ce, F1 in ThinkPad ce, har ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ke zuwa kafin Windows. Abu na farko da za ka kalla shi ne kwanan wata. In ka ga ta koma wata shekara da ta daɗe da wucewa, ƙaramin batirin da ke kan allon uwa ya ƙare. A kwamfutar tebur sunansa CR2032, mai faɗin kwabo, ana samun sa wajen masu gyaran agogo. Canja shi yanzu. Zan faɗi dalili nan gaba kaɗan.

Sai ka kashe Secure Boot, ka kunna Legacy ko CSM, wato tsohon salon tayar da kwamfuta, duk sunan da aka ba shi a naka. Windows 7 ba ta san Secure Boot ba, kuma in babu CSM takan tsaya cik a tambarin farko, launuka huɗun nan ba su gama haɗuwa ba, ta ƙi gaba.

In XP za ka ɗora, akwai abu ɗaya da ya fi duk sauran. Nemi wurin da aka rubuta SATA, za ka ga yana kan AHCI, wato sabon salon magana da rumbu. Mayar da shi IDE. Dell kan rubuta ATA, ThinkPad kan rubuta Compatibility, tsofaffin HP kuma sai ka kashe SATA Native Mode. XP ta fito a 2001, kafin AHCI ya zo, don haka ba ta da direbansa. Wannan ne ke haifar da shuɗin allo mai lamba 0x0000007B, ko saƙon da ke cewa ba a ga rumbu ko ɗaya a kwamfutar ba, alhali ga shi BIOS tana nuna shi da sunansa da girmansa. Duk rumbun da BIOS ta gani bai kamata a yi saurin yi masa takaba ba.

Ga dalilin batirin nan. Ka mayar da SATA kan IDE, ka ɗora XP, komai ya tafi daidai, mai kaya ya biya ya tafi. Da dare aka ɗauke wuta, batir ba ya riƙe saiti, BIOS ta koma AHCI da kanta. Gari na wayewa sai ga shuɗin allon nan na 7B, mai kaya ya dawo ransa a ɓace yana ganin ha'intarsa aka yi. Batir ne kawai.

In BIOS ɗin ba ta da zaɓin IDE, dole a ba XP direban AHCI. Tana karɓar sa in ka danna F6 a farkon aiki, amma daga filofi kaɗai, wanda yanzu ganin sa sai an tona. Abin da ya fi shi ne ka cusa direban cikin kwafin da manhajar nLite, ka sake haɗa faifan. In kuma lambar da ta fito 0x000000A5 ce, saɓani ne da tsarin wuta na ACPI: danna F7 a daidai lokacin da aka nemi F6. Ba za ka ga wata alama ba, amma ta ji.

Mataki na biyar: karanta saƙon, ka canja abu ɗaya tak

Kada ka canja filashi, ka canja RAM, ka juya BIOS duk a lokaci guda. Ko ta yi, ba ka san me ya gyara ta ba, gobe kuma za ka sake lalube.

Idan Windows 7 ta ce babu direban CD/DVD alhali da filashi kake aiki, ba faifai take nufi ba. Ba ta san USB 3.0 ba. Leƙa cikin kafar da ka soka filashin: mai shuɗin harshe ita ce 3.0, mai baƙi 2.0. Soke aikin, koma da filashin baƙar kafa, sake farawa. A zubi na shida zuwa sama wannan ba ta ci, domin duk kafofin hanya ɗaya suke bi, har kibod da linzami sukan daskare a shafin zaɓen yare. Nan sai an cusa direban USB 3.0 cikin filashin, kuma kamfanoni irin su Gigabyte da ASUS sun fitar da ƙananan manhajojin yin haka. In ka bi duk wannan saƙon bai tafi ba, kwafin ne ya lalace wajen saukewa.

Idan ta ce ba za a iya ɗora ta a wannan rumbu ba saboda tsarinsa GPT ne, hanya biyu ce. In mai 64-bit ce, kana iya sake haɗa filashin da tsarin GPT ka tayar da shi ta UEFI, wato sabon salon tayarwa, CSM na kunne, ba sai ka goge rumbun duka ba. Ɗaya hanyar ita ce mayar da rumbun MBR. Danna Shift da F10, baƙin allo zai buɗe. Rubuta diskpart, sai list disk. Dubi girman kowanne da kyau don kada ka zaɓi filashinka. Rubuta select disk 0 in shi ne rumbun, sai clean, sai convert mbr, sai exit.

Tsaya a kan clean ɗin nan. Ba ta tambayar ko ka tabbata, kuma ba ɓangaren C kaɗai take ɗauka ba, duk rumbun take sharewa cikin ƙiftawar ido. Wani dattijo mai shagon ɗab'i ya taɓa kawo mana kwamfutarsa, yaron shagonmu har ya rubuta kalmar, yatsansa na kan Enter. Ya ɗaga kai ya ce, "Baba Alhaji, akwai abin da kuke so a ciki?" Alhaji ya ce, "Babu komai, ɗana, share kawai." Na ce, "Ranka ya daɗe, zanen katunan biki da kalandun mutane fa, a ina kuke ajiye su?" Ya dafe hula. "Af! Ai duk suna cikin D." A wurinsa D wani wuri ne daban da gogewa ba ta kaiwa. Kada ka tambayi mai kaya ko akwai abu, ka ambata masa su ɗaya bayan ɗaya: hotuna, aikin kwastomomi, lissafin shago, takardun makaranta.

Idan aikin ya tsaya wajen kwafe ko buɗe fayiloli da lamba 0x80070570 ko 0x8007025D, ko XP ta yi ta cewa ta kasa kwafe wani fayil, zargi uku ne: filashi, RAM, rumbu. Lura da inda yake tsayawa. In kullum a wuri ɗaya ne, kwafin ko filashin ne. In yau nan gobe can, RAM ne ya fi kama da mai laifi. Cire caja da batir, zare RAM ɗin, goge haƙoransa masu ruwan zinare da robar goge fensir, hure ramin, mayar da shi har ka ji ƙas. Ƙurar hunturu a ƙasar nan tana shiga inda ba ka zato. In guda biyu ne, gwada su ɗai-ɗai. Manhajar gwajin RAM ta Memtest86+ za ta raba gardama: bar ta ta gama zagaye ɗaya cikakke, jan layi ko ɗaya ya fito, wannan RAM ɗin ya tashi daga aiki. Sai bayan nan za ka tuhumi rumbu. Kasa kunne ko yana ƙas-ƙas, ka haɗa shi da wata kwamfutar ka duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa a nemi wani.

Kwamfutar da ke mutuwa ɗif ba tare da wani saƙo ba, zafi ne. A bazarar Kebbi, watan Afrilu, zafi kan haura digiri 40, ɗora Windows kuma yana sa firosesa aiki ba hutu. Sauke ta daga kan katifa ko darduma, buɗe ta ka share fanka, ka sabunta man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi.

In kuma ta sake kunna kanta sai ta dawo shafin farko, filashin take sake bi. A Windows 7 zare shi bayan kunnawar farko. A XP bar faifan ciki, amma kada ka danna komai idan ta nemi ka danna maɓalli.

Mataki na shida: bayan ta hau

Za ka tarar babu intanet, babu sauti, rubutu manya-manya. Fara da direban chipset, wato na allon uwa, sai na intanet, sai na hoto. Wanda ba ka gane ba, shiga Device Manager, buɗe mai alamar rawaya, duba Hardware Ids. VEN_8086 Intel ne, VEN_10EC Realtek, VEN_14E4 Broadcom, VEN_168C Atheros. Nemi cikakkiyar lambar da wayarka, ka sauke daga shafin kamfanin da ya ƙera. In Windows 7 ta ƙi karɓar sabon direba tana ƙorafin sa hannu, ɗora mata KB4474419 tukuna.

Ka gaya wa mai kaya gaskiya kan intanet. Chrome ya tsaya a 49 ga XP, a 109 ga Windows 7, kuma ba a ƙara toshe ɓarakar da ake ganowa a cikinsu. Muguwar manhajar nan ta WannaCry da ta barke a Mayun 2017 ta irin wannan ɓaraka ta shiga kwamfutocin da ba a sabunta ba. Kwamfutar da ke tuƙa firinta ko na'urar yanka ta tsaya kan aikinta, kada a shiga banki da ita, filashin kwastomomi kuma a fara duba shi a wata kwamfutar mai kariya.

Idan kwamfutar ta cika sabunta har BIOS ɗinta ba ta da CSM sam, kada ka ɓata yininka. Bar mata Windows ɗin zamaninta, ka sa VirtualBox, wanda ke tayar da wata Windows a cikin wadda ke kai, ka ɗora XP ko 7 a cikinsa, ka miƙa masa firintar ta kafar USB. Na'urar da ke amfani da tsohuwar kafa mai faɗi irin ta firintocin da kuwa, gara a nemo mata tsohuwar kwamfutar tebur mai Core 2 Duo wadda ke da kafar a jikinta.