Yadda Za Ka Zaɓa Tsakanin Jirgin Ƙasa da Jirgin Sama Idan Aiki Ya Sa Kana Kai-Komo Tsakanin Birane Biyu

Wanda ke tafiya sau ɗaya a shekara, kowane jirgi ya samu sai ya hau. Gajiyar yini guda ce, ya kwana ya tashi ta wuce. Amma wanda iyalinsa ke wani birni, wurin aikinsa na wani, duk mako yana kan hanya, lissafinsa daban ne. Minti 40 da suka salwanta a layin bincike na filin jirgin sama ba komai ba ne ga baƙon hanya. Kai kuwa da za ka tsaya a wannan layi sau 2 a mako har mako 45, awa 60 ke nan ka bayar a tsaye, takalmi a hannu. Na yi shekaru ina irin wannan zirga-zirga, na hau wannan na hau wancan, kuma ga yadda nake ba da shawara a bi kafin a yanke hukunci.

Abu na farko, ka manta da lokacin da aka rubuta a jikin tikiti. Ka samu ɗan littafi, ko ka buɗe wurin rubutu a wayarka, ka rubuta lokacin da ka kulle ƙofar gida da lokacin da ka zauna a kujerar ofis. Wannan shi ne tsawon tafiyarka na gaskiya. Ka yi haka sau 3 a jirgin sama, sau 3 a jirgin ƙasa, a ranakun da ka saba tafiya, domin safiyar Litinin ba ɗaya take da tsakar ranar Laraba ba.

Bari in nuna maka yadda lissafin kan fito. A ce tikitin jirgin sama ya ce awa 1 da minti 10. Zuwa filin jirgi ya ci minti 45. Ka isa da wuri saboda bincike da jiran kira, minti 75. Bayan an sauka, kafin jirgi ya gangara ya tsaya, a buɗe ƙofa, ka ratsa ginin ka fita, minti 25. Shiga gari kuma minti 45. Jimla, awa 4 da minti 20. Shi kuwa jirgin ƙasa da aka rubuta masa awa 3: minti 20 zuwa tasha, minti 15 na jira, minti 15 daga tasha zuwa ofis, ya tashi awa 3 da minti 50. Wanda ake yi wa kallon mai nawa ya riga isa. Dalilin a bayyane yake. Manyan tashoshin jirgin ƙasa da yawa tun ƙarni na 19 aka gina su, birni ya girma ya kewaye su, sai suka zama a tsakiya. Filin jirgi kuwa yana son fili mai faɗi, ga ƙara, dole a kai shi bayan gari. Filin Narita yana da nisan kusan kilomita 60 daga tsakiyar Tokiyo, na Charles de Gaulle kuma kusan 25 daga tsakiyar Paris. Amma kada ka ɗauki lissafina ka ɗora wa kanka. Idan gidanka na kusa da filin jirgi, tasha kuma sai ka ratsa gari, alƙaluman za su juye.

Na biyu, ka duba a wane rukuni hanyarka ta faɗa. Abin da aka gani a ƙasashe da dama shi ne, idan tafiyar jirgin ƙasa ba ta kai awa 3 ba, da wuya jirgin sama ya iya ja da shi. Japan ta buɗe layin jirgin ƙasa mai sauri na Shinkansen tsakanin Tokiyo da Osaka a 1964, kilomita 515, yau ana cinye su cikin kusan awa 2 da rabi. Faransa ta bi sahu a 1981 da nata jirgin mai sauri, TGV, tsakanin Paris da Liyon, wadda yau tafiyar kusan awa 2 ce. Hanyar Madrid zuwa Basalona tana cikin hanyoyin sama mafi cunkoso a Turai kafin layin dogo mai sauri ya haɗa biranen a 2008, daga nan fasinjoji masu yawa suka sauko ƙasa. A Maroko, jirgin Al Boraq da ya fara aiki a 2018 ya mayar da tafiyar Tanja zuwa Kasablanka awa 2 da minti 10, alhali a da sai an yi kusan awa 5. A 2023 har doka Faransa ta kafa da ta hana wasu gajerun tafiye-tafiyen sama na cikin gida inda jirgin ƙasa ke kai mutum cikin ƙasa da awa 2 da rabi. Tsakanin awa 3 zuwa 4 da rabi, nan ne ake kokawa, kowa da magoya bayansa. Hanyar Bejin zuwa Shanghai, kilomita 1,318 cikin kusan awa 4 da rabi, tana bakin wannan iyaka. Da an haura awa 5, mai tafiya duk mako yakan koma sama, kuma ban ga laifinsa ba. Ka kuma lura, ba kowane jirgin ƙasa ne mai gudun kilomita 300 a awa ba. Na yau da kullum mai tsayawa tasha-tasha, kilomita 300 ɗin za ta iya cinye masa awa 3 ko fiye.

Mataki na uku shi ne wanda na fi ba muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Cikin awannin nan da ka rubuta, nawa ne naka? Tafiyar jirgin sama gutsi-gutsi ce. Ka zauna a mota, ka tashi ka bi layi, ka ciro kwamfuta daga jaka, ka cire bel, ka ware 'yan kwalaben da ba su wuce mililita 100 ba, dokar da ta shigo tun 2006 kuma har yau tana aiki a filaye da yawa. Ka zauna a ɗakin jira kunnenka na kan sanarwa, ka sake bin layi, ka shiga. Lokacin tashi da lokacin sauka an ce a naɗe tebur. Abin da ya rage maka a tsakiya bai fi minti 40 ba, shi ma da ka buɗe kwamfuta sai na gabanka ya kwantar da kujerarsa, allon ya karkato kan yatsunka, gwiwar hannunka na gogar ta maƙwabci. A jirgin ƙasa kuwa, daga zamanka har saukarka lokaci ne dunƙulalle. Ka jona caja a soket ɗin gefen kujera, ka shimfiɗa takardunka, gonaki da ƙauyuka na wucewa ta taga, kai kana rubutu. Rahoton da nake kai wa taron Litinin, shekara guda cur a tarago na riƙa rubuta shi, ban taɓa buɗe shi a gida ran Lahadi ba. Wannan yinin ya zama na yara.

Saboda haka ka ƙara layi ɗaya a littafinka: minti nawa na yi aiki, ko karatu, ko barci na gaske. Sau da yawa za ka ga awa 4 a jirgin ƙasa ta ba ka awa 3 masu amfani, awa 3 da rabi ta hanyar sama kuwa ko ɗaya cikakkiya ba ta ba ka ba. Gargaɗi ɗaya dai: sabis ɗin waya yakan ɗauke idan jirgi ya shiga ramin ƙarƙashin dutse ko ya ratsa daji, intanet ɗin cikin tarago ma ba abin dogaro ba ne. Ka sauke duk takardun da kake buƙata tun a gida, kuma kada ka sa taron bidiyo mai muhimmanci a wannan lokaci.

Sai kuɗi. Nan ba zan daɗe ba, domin ƙa'idar guda ce: ka yi lissafin wata, kada ka yi na tikiti. Tikitin sama mai araha yakan zo da 'ya'yansa, kuɗin jaka, kuɗin zaɓen kujera, kuɗin canza rana, ga motar haya zuwa filin jirgi da dawowa. Ka tara su duka. A ɓangaren jirgin ƙasa ka tambayi tikitin wata ko na shekara da katin rangwame. Jamus tana da BahnCard 100, Suwizalan tana da GA, waɗanda mai su ke hawa jirage shekara guda ba tare da sayen tikiti kowace tafiya ba. Ko inda babu irin wannan, sayen tikiti makonni kafin tafiya yakan sauƙaƙa farashi a dukkan ɓangarorin biyu, kuma kai da ka san ranakunka tun farkon wata ka fi kowa damar cin wannan moriya. Makin da kamfanonin jiragen sama ke tara wa fasinja kuwa, ka karɓa idan ya zo, amma kada ya zama shi ke zaɓa maka hanya.

Na biyar, ka yi shirin ranar da abubuwa za su cakuɗe, domin mai tafiya sau 90 a shekara dole ya gamu da ita. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: idan na rasa wannan, yaushe na gaba zai tashi? Hanyar da jirgi ke tashi duk rabin awa ta fi hanyar da ke da jirgi 3 a yini kwanciyar hankali, ko da ta fi ta tsawo. Ka kuma san yadda jinkiri ke haihuwa. Jirgin sama guda yakan yi sawu da yawa a yini, jinkirin safe sai ya bi shi yana ƙaruwa har dare, shi ya sa jirgin farko na asuba ya fi na yamma cika alkawari. Hazo da hadari mai tsawa sukan tsayar da filin jirgi gaba ɗaya. Jirgin ƙasa ma yana da nasa ciwon: gyaran layi da aka fi yi a ƙarshen mako, yajin aiki, tsinkewar wayar lantarki ta sama, ko jirgi guda ya lalace a gaba ya tare duk na bayansa.

Wani daren Lahadi na sayi tikitin jirgin ƙasa na ƙarshe, don in ƙara awa biyu da iyali. Ina tsaye a dandamali da jakata, allon sanarwa ya fara nuna jinkirin minti 20, ya koma 50, daga nan sunan jirgin ya ɓace, aka ce an soke. Babu wani sai asuba, taro kuma ƙarfe 8 na safe. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: ba na hawa jirgin ƙarshe, na sama ko na ƙasa. Kullum ina barin guda ɗaya a bayana. Idan kuma akwai taron da ba zai yiwu in rasa ba, a can nake kwana.

Ka kuma karanta haƙƙinka tun kafin ranar ta zo. A Tarayyar Turai, fasinjan jirgin ƙasa yana da damar karɓar kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti idan jinkiri ya kai awa 1, da kashi 50 idan ya kai awa 2. Fasinjan sama kuma ana biyansa diyya idan ya isa a makare da awa 3 ko fiye, sai dai idan sanadin ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi. Kowace ƙasa da tata doka, ka nemi taku, ka riƙa adana tikiti da hoton allon sanarwa.

Na shida, ka saurari jikinka. Iskar cikin jirgin sama an daidaita ta ne kamar ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma busasshiya ce ƙwarai, shi ya sa kake sauka da bushewar maƙogwaro da nauyin kai ko da tafiyar gajera ce. Ƙara da tashin ƙarfe 4 na asuba duk Litinin. Mako ɗaya ba ya nuna komai, wata shida ne ke nunawa. Dogon zama wuri ɗaya, musamman idan ya haura awa 4, yana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa ko a wane abin hawa ne, amma a tarago ba wanda zai hana ka miƙewa ka taka duk lokacin da ka so. Akwai kuma batun hayaƙin da ke ɗumama duniya, wanda ni yana damuna. Jirgin sama yana shan mai sosai wajen tashi da hawa sama, don haka gajeriyar tafiya ce ta fi ɓarna a kowace kilomita. Jirgin ƙasa mai aiki da lantarki hayaƙinsa a kan kowane fasinja ƙanƙani ne idan aka kwatanta, musamman inda wutar ba daga gawayi take fitowa ba. Wanda ke tafiya duk mako, zaɓinsa yana da nauyin zaɓin mutum hamsin masu tafiya sau ɗaya.

Idan ka gama wannan awo, ka zaɓi ɗaya ka riƙe shi wata guda cur kafin ka sake dubawa. Ba dole ba ne ma ya zama ɗaya. Akwai masu zuwa ta sama ran Litinin don su riski taron safe, su dawo ta ƙasa ran Juma'a suna ƙarasa aikin mako a hanya. Inda akwai jirgin dare mai gado, irin Nightjet da kamfanin jiragen ƙasa na Ostiriya ke gudanarwa tun 2016, doguwar hanya ma takan shiga lissafi, ka kwanta a wani birni ka farka a wani.

Daga nan sai ka sauƙaƙa wa kanka sauran. Ka ajiye caja, kayan wanka da tufafin aiki kala biyu a birnin da kake aiki, jakarka ta zama ƙarama wadda ba sai an auna ta ba. Ka sayi tikitin wata gaba ɗaya a zama guda. Ka gano taragon da ke tsayawa daidai ƙofar fita a tashar da kake sauka, ka riƙa zaɓar kujera a cikinsa, nesa da ƙofa da banɗaki inda ake yawan kai-da-kawo. Sannan ka ɗauki littafin nan naka ka je wurin shugabanka a ofis, ka nuna masa awannin da kake aiki a hanya, ka nemi a lissafa su cikin lokacin aiki. Idan ya amince, sai ka bar jirgin asuba mai cunkoso ka koma na ƙarfe 9, inda kujerar kusa da kai sau da yawa babu kowa a kanta.