Yadda na koma jami'a bayan an sallame ni

Sunana ya fito cikin waɗanda aka sallama, kariyoba, wato darussan da na faɗi, sun min yawa, CGPA ɗina, wato matsakaicin makina gaba ɗaya, ya kasa kai 1.0 alhali ina kan gargaɗin kora. To lokacin jarabawar ina kwance ne da ciwon sikila, sai na karɓo rahoton likita na kai asibitin makaranta suka buga hatimi don takardar waje haka kawai ba sa kallonta, na rubuta takardar ƙorafi zuwa majalisar jami'a amma ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, wallahi in ka tsallake su dawo maka da ita za a yi. Na sha sintiri ofishin malamin da ke haɗa sakamako kam. Da majalisa ta zauna aka soke min zangon, aka ce in maimaita shekarar.