Gyaran tsohon gashin kanti kafin Sallah

'Yan uwa mata, kada ku sayi sabo. Ruwan zafi zai tayar da tsohon.

Ki wanke shi da ruwan sanyi da shamfu cokali ɗaya.
Ki taje daga ƙasa zuwa sama, da mataji mai faɗin haƙora.
Ki yi masa kalaba takwas, ki tsoma a ruwan da aka sauke daga wuta ya huce minti 5. Ki ƙirga 20 ki cire.
A inuwa zai bushe, kwana guda. Kada ki warware da damshi, lanƙwasar za ta saki.

Gashin roba ne, zafi ke lanƙwasa shi, sanyi ya riƙe.

Ki fara gwada sili kaɗan ta ƙeya, don mai araha yakan ƙanƙance. Man kitso kuwa ƙura yake kwasowa.